Mudun da Ba a Ƙera Don Kasuwarmu Ba

Akwai wani darasi da ya cika zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Birtaniya da Amurka da Kanada a 'yan shekarun nan. Kusan duk wanda ya buɗe ɗan shagon intanet, ko ya fara rubutu a shafinsa, an taɓa turo masa shi. Wani a bidiyo ya gani, wani a saƙon murya ya ji, wani kuwa sai da ya biya kuɗin aji. Darasin bai wuce layi biyu ba: in kana so Google ya ɗaga shafinka sama, nemi kalmar da mutane da yawa ke nema, wadda makin wahalarta bai kai 20 ba, ka yi rubutu a kanta, ka koma ka jira. Wai shi ke nan, kasuwa ta buɗe.

Ni dai a ganina wannan darasi, yadda ake ba mu shi, yana jawo wa Bahaushe asara ta fuska biyu. Yana tura shi fagen da manya suka riga suka cika, yana ce masa fili ne. Sannan yana hana shi zuwa inda masu saye ke jiransa, yana ce masa kufai ne. Kuma asarar ta gaske ce, don yawancinmu da daddare muke wannan aiki, bayan an tashi daga aikin kula da tsofaffi ko tuƙin tasi ko ɗaukar kaya a sito. Awa ɗaya da mutum ya zuba a kan kalmar banza, daga barcinsa ya cire ta.

Bari mu gyara zama tukuna, don na san akwai masu karatu da ba wannan ce sana'arsu ba. Duk abin da ka rubuta a akwatin Google kana neman wani abu, shi ake kira kalmar bincike, ko da jimla ce guda. Google sai ya jero maka shafuka, kamar goma a fuskar farko, kuma kowa shaida ne da wuya mutum ya leƙa fuska ta biyu. Sana'ar da ake kira SEO ita ce dabarar gyara shafinka har ya samu gurbi cikin goman nan ba tare da ka biya kuɗin talla ba. Tunda gurbin kaɗan ne, dole ka san da su wa za ka kara kafin ka zuba lokacinka. Har nan babu gardama. Gardamar tana kan mudun da ake awon da shi.

To mene ne wannan maki? Abu na farko da malaman bidiyo ba su cika faɗa ba shi ne, ba maki ɗaya ba ne. Akwai na Google kansa, a cikin Keyword Planner, inda za ka ga an rubuta gasar kalma ƙasa take, ko tsaka-tsaki, ko sama. Wannan awo na masu talla ne zalla. Yana gaya maka yawan 'yan kasuwar da ke takarar biyan kuɗi don tallarsu ta fito a kan kalmar, kuma bai ce komai ba a kan shafukan da ke fitowa kyauta. Mutum ya ga an rubuta "ƙasa" ya ɗauka hanya ta buɗe, alhali abin da aka ce masa shi ne babu masu talla da yawa a wurin. Ko adadin masu neman kalmar ma, in ba ka kashe kuɗin talla sosai, ba za a ba ka lamba tsayayya ba. Za a ce maka tsakanin 100 da 1,000, ko tsakanin 1,000 da 10,000. Wane ɗan kasuwa ne zai saro kaya da irin wannan lissafi?

Sauran makin na kamfanoni ne masu zaman kansu, irin su Ahrefs da Semrush da Moz da Ubersuggest, kowanne da nasa ma'auni daga ƙasa zuwa 100. Na Ahrefs ya fi sauƙin bayani: yana duba shafuka goman da ke sama, ya ƙirga shafukan intanet nawa ne suka ɗora linki zuwa gare su, ya fitar da maki. Na Moz yana jingina ne da nasa awon ƙarfin shafi da ƙarfin gidan da shafin yake, wanda shi ma galibi daga linki aka gina shi, kuma ma'aikatan Google sun sha faɗa cewa ba sa amfani da wannan awo na Moz wajen jera shafuka. Semrush yana haɗa abubuwa da dama, amma linki na nan a tsakiya. Shi ya sa in ka saka kalma ɗaya a manhajoji uku, sai ka samu maki uku.

Kada a ce na raina aikin mutane. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa suka riƙe linki. Tun 1998, lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka fito da Google daga Jami'ar Stanford, tushen dabararsu shi ne ɗaukar linki a matsayin shaida: in shafuka da yawa masu mutunci suna nuna ka, to akwai abin da kake da shi. Kamar dai neman aure ne, ana tambayar maƙwabta. A kasuwar Turanci, inda miliyoyin shafuka ke nuna juna dare da rana, ƙirga wannan shaida yana ba da hoto mai kama da gaskiya. In ka saka kalmar inshorar mota ko rancen gida, manhajar za ta nuna maka ja wur, kuma gaskiya ta faɗa, ka kama gabanka. In kana da kalmomi dubu kana so ka tace su kafin azahar, makin zai rage maka aiki. Su kansu kamfanonin, a bayanansu, suna cewa kada ka tsaya ga maki kaɗai, ka je ka duba sakamakon da idonka. Wannan jan kunne ne ke faɗuwa a hanya kafin darasin ya iso zaurukanmu.

Yanzu kawo mudun nan kasuwar Hausa ka ga abin da zai faru. Mu fa ba mu cika ɗora linki ba. Hirarmu tana WhatsApp da Facebook da TikTok, rabinta ma da murya ake yin ta. In rubutu ya burge Bahaushe, kwafe shi zai yi ɗungurungum ya liƙa a Facebook, ko ya ɗauki hotonsa ya saka a sitatus, sau da yawa ko sunan mai shi babu. Masu shafin kansu da za su ce "je ka karanta wajen wane" kaɗan ne. Saboda haka shafukan Hausa, har da waɗanda ake karantawa sosai, da wuya ka samu wanda ya tara linki masu yawa. Manhajar ta ƙirga, ta ga kusan babu, ta ba ka maki ƙasa-ƙasa da launin kore. Malamin aji ya ce ga dama ta samu.

Sai ka je Google ka rubuta "labaran duniya" ko "labaran Kannywood" ko "farashin dala a yau", ka ga su wa ke zaune a wurin. Galibi gidajen jarida ne. BBC Hausa tun 1957 take aiki, kuma shafinta yana cikin gidan BBC gaba ɗaya. Sashen Hausa na DW tun 1963 yake, na RFI tun 2007. Ga Aminiya, ga Legit Hausa, ga Premium Times Hausa. Labari ɗaya nasu ƙila babu wanda ya ɗora masa linki, amma gidan da ya fito sananne ne a wajen Google da wajen masu karatu. Kamar ka shiga Kantin Kwari ka ga rumfa babu layi a gabanta, ka ce mai rumfar ba shi da ƙarfi, ashe duk layin shagunan nasa ne. Ƙari a kan haka, irin waɗannan kalmomi sabon abu suke so kullum. Farashin dala na jiya ba shi da amfani yau. Gidan jarida yana da ma'aikata masu karɓa-karɓa. Kai kuma kai kaɗai ne, gobe da asuba kana da aiki. Makin bai san wannan ba.

Wannan fuska ta farko ke nan. Ta biyu ta fi min ciwo, don ita ce ke sa mutane su bar abincinsu a ƙasa. Waɗannan manhajoji ƙasa-ƙasa suke ba da adadin masu nema. Dole ka zaɓa: Birtaniya, ko Amurka, ko Najeriya, ko Saudiyya. Adadin kuma ƙiyasi ne, daga bayanan tallar Google da kuma samfurin masu yawo a intanet. To mu da muke warwatse, kaɗan a Manchester, kaɗan a Coventry, kaɗan a Bronx, wasu a Jidda, wasu a Nima ta Accra, yaushe za mu taru mu cika samfurin wata ƙasa? Ka zaɓi Birtaniya ka saka kalmar Hausa, sau tari za a ce maka sifili, ko babu bayani. Ka zaɓi Najeriya, lamba ta fito, amma in daga Birmingham kake aika kaya, waɗannan ba masu sayenka ba ne.

Sai kuma matsalar rubutu. Yawancin wayoyinmu ba a saita su da haruffa masu ƙugiya ba, kuma kowa da yadda yake rubuta abu. Ɗauki ɗanwake: wani zai rubuta shi a haɗe, wani a rabe, wani da ƙugiya, wani babu. Miyar kuka ta zama "miyan kuka" a yawancin shafukan girki na Turanci. Kunun aya ya zama "kunu aya" da "kunnu aya". Ɗan Nijar ko Kamaru da ke Faransa "kilichi" zai rubuta, ba kilishi ba. Na Sudan da na Makka da yawa da haruffan Larabci suke bincike. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa, rabin jimlar Turanci ce, sunan abincin ne kawai Hausa. Buƙata ɗaya ta tsage gida bakwai, kowane tsagi ya yi ƙanƙantar da manhaja ba ta ganinsa. Google kansa ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kowace rana bai taɓa ganin irinsa ba. In mai gidan yana cin karo da baƙi haka, ina ga wanda ke leƙe ta taga?

Ka ga ke nan, sifilin da ka gani yana iya nufin babu mai nema, yana kuma iya nufin manhajar ba ta gani. Kuma ga mai ƙaramar sana'a, mutum 40 a wata da ke neman abin da kake sayarwa takamaimai, da katin banki a hannu, sun fi dubu goma masu wucewa.

Akwai wani abu kuma da babu makin da zai koya maka shi, wato sunan da ka kira kayanka da shi shi ke zaɓa maka abokan gasa. Ɗauki zoɓo. Ganye ɗaya ne, amma a Ghana sobolo ne, a Senegal bissap, a Sudan da Masar karkade, a wajen mutanen Jamaika sorrel, a manyan kantunan Turai kuma shayin hibiscus. A ce wata Hajiya a Leicester tana sayar da busasshen zoɓo mai kyau. In ta bi sunan Turanci don shi ne mai adadi mai yawa, ta shiga layi ɗaya da Amazon da manyan kamfanonin shayi, kuma za su tattake ta ba tare da sun san tana wurin ba. In ta riƙe zoɓo, da irin rubutun da 'yan kudancin Najeriya ke yi masa, ta shiga ƙaramar kasuwa inda masu saye suka san abin da suke so, suna kuma tambayar citta da kanumfarin da za su haɗa. In ta ƙara shafi da sunan sobolo ko bissap, ta buɗe ƙofa ga maƙwabta. Haka aya take: a Sifaniya chufa ce, da ita suke yin abin shansu na horchata. Haka turaren wuta: da ka kira shi bakhoor, ka shiga gasa da shagunan Larabawa da Somaliyawa da Sudaniyawa da suka daɗe a harkar. Haka kilishi, in ka jingina shi da biltong na Afirka ta Kudu. Wace kalma ce mai sayenki ke amfani da ita? Manhaja ba ta sani ba. Saƙonnin da ke cikin wayarki sun sani.

Malaman aji za su ce ai sun yi maganin wannan, don suna koyar da bin doguwar jimla maimakon gajeriyar kalma. Wannan tunani ya samo suna ne daga rubutun Chris Anderson a mujallar Wired a 2004, kan yadda ƙananan buƙatu masu yawa ke taruwa su zama babbar kasuwa. Shawara ce mai kyau, ban musa ba. Wanda ya ce zai kara da Western Union da Wise da Remitly da WorldRemit a kan kalmar tura kuɗi Najeriya, ya nemi wa kansa wahala. Amma tsawon jimla ba ya korar manya a kowane fage. A abin da ya shafi lafiya da kuɗi da doka, Google ya fi tsaurarawa, kuma haka yake rubuce a ƙa'idojin da yake ba masu tantance masa sakamako. Ka rubuta tambayar biza komai tsawonta a Birtaniya, shafin gwamnati za ka fara gani. Ka rubuta ta ciwo, NHS ce. Makin jimlar yana iya zama 5, amma kujerar ba ta motsi. Kuma a nan akwai abin da ya fi rashin fitowa a Google haɗari: a Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da izini ba. Babu manhajar da za ta ja maka kunne a kan wannan. Kore kawai za ta nuna maka.

Sannan ga masu sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawanmu: tela, mai lalle, mai girkin biki da suna, mai kitso, malamin da ke koyar da yara karatu. In mutum ya nemi mai lalle a garinsu, abin da ke fara fitowa a wayarsa taswira ce da sunaye uku a ƙarƙashinta. Google ya bayyana cewa abu uku yake dubawa a nan: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai nema, da kuma sanuwarka, wadda ta haɗa da ra'ayoyin da abokan ciniki suka rubuta a kanka. Abokan gasarki a nan su ne matan da ke 'yan mil kaɗan daga gidanki, da yawa 'yan Indiya da Pakistan da Sudan, masu hotuna da taurari. Makin wahala na ƙasa baki ɗaya bai auna ko ɗaya daga cikinsu ba. Rajistar sana'a a Google Business Profile kyauta ce, kuma ga irin wannan sana'a ta fi rubutu ashirin amfani.

To in ba maki ba, da me za a auna? Gani ya kori ji. Ɗauki wayarka, don da waya mutanenmu ke bincike, ka buɗe shafin sirri yadda tarihin bincikenka ba zai ruɗe ka ba. In masu sayenka suna wata ƙasa, roƙi ɗan uwa da ke can ya yi binciken ya turo maka hoton, don abin da ake gani a Landan daban yake da na Kumasi. Rubuta kalmar yadda mai saye zai rubuta ta, har da kuskurensa. Kafin ka ƙirga shafuka, duba abin da ke samansu: talla nawa ce, akwai taswira, akwai jerin bidiyo, akwai amsar da na'urar Google ta haɗa da kanta, wadda suka fara sakawa a Amurka a watan Mayun 2024 sannan ta bazu. In sai ka ja allo sau uku kafin ka ga shafin farko na kyauta, to ko ka zo na ɗaya, a bayan ɗaki kake zaune.

Daga nan sai ka buɗe goman ɗaya bayan ɗaya, ka karanta. Wannan ne aikin da ake gudu, kuma shi ne aikin. Su wa ne? Gidan jarida ne, ko gwamnati, ko babban kanti, ko mutum irinka? In duk goman bidiyo ne, to Google ya fahimci masu wannan tambaya kallo suke so, ka ajiye alƙalami ka ɗauki kyamara. In duk shaguna ne, saye ake so, dogon bayani ba zai shiga ba. In ka ga tsohon rubutu na shekara shida, ko tambaya a wani dandali da babu wanda ya amsa ta sosai, ko shafin Turanci ya fito a kan tambayar da aka yi da Hausa, ko fassarar inji mai karyayyar Hausar da ba a gane kanta, to a nan ne ƙofa take a buɗe da gaske. Sai ka yi wa kanka tambaya ta ƙarshe, kuma ka amsa tsakani da Allah: ina da abin da zan faɗa da ya fi nasu? Na taɓa yin abin da hannuna? Tun Disambar 2022 Google ya ƙara gogewar mai rubutu cikin abubuwan da masu tantance masa ke dubawa. Matar da ta san wace alkama ce a kantin Turawa ke yin alkaki, da abin da za a sa a madadin kanwa, tana da abin da BBC ba ta da shi.

Wajen gano ko akwai masu nema kuwa, akwai hanyoyin da ba sa cin ko sisi. Fara rubuta kalmar a akwatin Google ko YouTube ka ga abin da zai ƙarasa maka, don daga binciken mutane yake ɗauko shi. Koma cikin saƙonnin abokan cinikinka na wata uku, ka fitar da tambayoyin da aka fi maimaitawa, da kalmomin da suka yi amfani da su. In kana da shafi, haɗa shi da Search Console na Google, shi ma kyauta ne. Bayan 'yan makonni zai fara nuna maka kalmomin da aka rubuta har shafinka ya bayyana, da sau nawa, da ƙasar da aka yi binciken. Wannan daga rumbun Google kansa ya fito, kuma a nan ne za ka ga kalmomin da manhajar kuɗi ta ce babu mai neman su suna kawo maka mutane.

Akwai gefe guda da ba zan rufe ba tare da na taɓa shi ba, don ya wuce batun riba. Wannan darasi na "nemi inda babu gasa ka cika shi" ya samu abokin tafiya. Tun Disambar 2013 Google Translate ya saka Hausa, yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta shafi guda cikin minti ɗaya. Mutum ya tara kalmomi 200 masu launin kore, ya sa inji ya zuba musu rubutu, ya liƙa talla. Kuma wuraren da suka fi zama fayau a Hausa su ne masu haɗari: maganin sanyi, hawan jini, ciwon suga, kayan mata, laulayin ciki. Wa ke karanta su? Iyayenmu da ƙannenmu, waɗanda Turancinsu bai kai su shafin asibiti ba, wasunsu a nan tare da mu suke, suna jin nauyin tambayar likita. A Maris na 2024 Google ya fitar da ƙa'ida a kan masu tara shafuka barkatai don kawai su hau sama, amma kada mu zauna jiran wani kamfani a Kalifoniya ya tsare mana harshe. Fili da babu kowa a cikinsa amana ce a hannun wanda ya fara shiga. In ba ka da ilimin abin, rashin abokin gasa ba izini ba ne.

Hukuncina a kan manhajojin nan shi ne, kayan aiki ne masu kyau ga wanda aka ƙera su dominsa. In kana yi wa kamfanoni aiki da Turanci, kana juya kalmomi dubbai, biya kuɗinka, za su biya ka. Amma cikakken tsarin manyan cikinsu ya haura dala 100 a wata, kuma ga mai sayar da yaji da daddawa da turare daga ɗakin girkinta, wannan kuɗin ya fi amfani a hotuna masu kyau da kwalin aika kaya. Hukuncina a kan masu koyarwa ya fi tsauri. Wanda ya karɓi kuɗin 'yan uwansa ya koya musu karanta launin kore da ja, bai taɓa sa su buɗe sakamakon Google sun karanta shi tare ba, rabin darasi ya sayar a kuɗin cikakke.

In an sake tallata maka irin wannan aji, kafin ka tura kuɗi, ba malamin kalma ɗaya daga sana'arka, da Hausa, yadda masu sayenka ke faɗinta. Ka ce ya gaya maka su wa ke fuskar farko a garin da kake, me ya ɗora su a wurin, kuma ta ina za a iya shiga. In ya buɗe waya ya duba tare da kai, zauna ka saurare shi. In lamba ya karanto maka, riƙe kuɗinka.